Tafiyata Kai Lasifika Gangaren Kanya

Daga Rijiyar Zaki

Ana sallame Asuba na saɓa lasifika a kafaɗa, batir da farantin sola a buhu, na fito ina murna kamar wanda aka biya wa Hajji. Mu 'yan Gangaren Kanya mazauna Kano ne muka haɗa hannu muka saye ta, a wannan marra da mudun gero ke gagarar magidanci. Bara ne rafi ya cika ya afka wa unguwar gangare da rana tsaka, maza duk suna gona. Ƙanwata Hajara sai da ruwa ya kai mata ƙugu aka fito da ita da tagwayenta. Na ce wallahi bana ba za a sake ba, sai kowa ya ji shela.

Bacirawa

A nan na sauka daga adaidaita na sha koko da wasu ƙosai ƙanana kamar maɓallin riga. Direban motar da zan shiga ya dubi kayana ya ce, "Malam, fetur ya yi tsada, wannan ƙahon sai ka biya masa kujera." Na ce ai ɗana ne, a cinya zai zauna. Haka na rungume shi, fasinjoji suna ta yi mini tsiya.

Gaba kaɗan muka iske shinge. Wani jami'i ya leƙo ya ce, "Ta wace jam'iyya ce?" Na ce, "Ta ambaliya ce, ranka ya daɗe." Ya yi dariya ya buga bayan motar, ya ce Allah ya ba da lada.

Kwanar Watari zuwa gida

Daga nan sai acaɓa. Kai, laka! Sau biyu muna sauka muna turawa. Amma gero ya yi kai, dawa ta yi kore shar dama da hagu, raina fes. Da hantsi muka shiga gari, kafin in sauka mutane sun yanyame ni.

A gidan Kawu Bala, ƙanen mahaifiyarmu, na sauka, aka kawo kwaɗon rama da fura. Da yamma muka ɗaure lasifikar a saman masallaci. Liman da mai unguwa suka tsayar da magana: duk wanda ya ga rafi na hauhawa ya zo ya yi shela, kowa ya nufi firamare da ke kan tudu. Aka sanar da maza a sahu cewa gobe akwai gwaji. A zauren Kawu na kwana, sauro suka yi walima da ni.

Ranar gwaji

Sai da maza suka tafi gona na kunna. "Ruwa! Ruwa! A hau tudu!" Jama'a, ni kaina sai da na firgita da muryata! Kan ka ce me, ga maza da fartanya a guje, ga tsofaffi da sanduna, ga wani ya kinkimo akuya. Ina ta tsalle ina cewa aiki ya yi. Sai Kawu ya taɓa ni ya ce, "Nasiru, duba da kyau. Ina matan gangare?"

Babu ko ɗaya. Na ruga gidan Hajara, na same ta zaune tana tankaɗe.

"Ke Hajara, ba ki ji ba ne?"

"Na ji mana, Yaya, har kwanukana sai da suka amsa. Ai maigidana bai ce in fita ba."

"To bara fa?"

"Bara ma tun ruwan yana bakin ƙofa nake kallonsa. Maigidan nake jira ya dawo."

Haushi da tausayi suka kama ni lokaci guda. Ashe ba rashin ji ne ya kusa kashe ta ba.

Na koma na faɗa wa Liman. Ya ce ceton rai ba ya jiran izinin kowa, amma tunda abin ya zauna musu a zuciya, kowane magidanci ya zo ya faɗa da bakinsa a lasifika cewa ya yarje wa matarsa ta fita. Aka ɗunguma masallaci, maza suka yi layi. Da aka zo kan Sale, mijin Hajara, mutumin da ko gaisuwa ƙasa-ƙasa yake yi, sai ya karɓi abin magana ya kai bakinsa.

"Uwar tagwaye," ya ce, gari ya ɗauka, aka bushe da dariya. Ya share gumi. "In kin ji shelar ruwa ki fito, ina nan ko ba na nan. Na yarda, yau da kullum."

Na sake shela. Can sai ga mayafai suna ɓullowa daga gangare, Hajara ce a gaba, tagwayenta ɗaya a goye ɗaya a kafaɗa, ko takalmi babu. Tsofaffi suka rangaɗa guɗa. Ni dai hawaye na yi, ban ɓoye ba.

Komawa

Bayan Azahar na kamo hanya, Kawu ya cusa mini ƙullin kuɓewa. Ana kiran Magariba na shiga Rijiyar Zaki. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, sannan ga Liman, da Kawu, da duk wanda ya sa hannu. Ina alwala na hango hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen garinmu. Na tsaya ina kallonsa, gabana bai faɗi ba.