Malam Maliki da Waƙoƙin Kango

Malam Maliki Ɗangana gajere ne, mai babbar murya da tsohon keke. Ɗan manomin albasa ne daga Shanga, yana kuma cikin 'yan ƙasa na farko da suka karɓi alli bayan samun 'yancin kai, da Turawa suka fara tattara komatsansu. Shi aka ba darasin adabin Turanci a sakandarenmu ta Yelwa, mu kuwa muka zame masa ƙarfen ƙafa.

Akwai wasu waƙoƙi a manhajarmu, irin waɗanda Turawa ke rubutawa don tsikar jiki ta tashi: kangon gida, kaburbura, fatalwa tana leƙe ta taga. Malam yana son su kamar ransa. Sai ya rage murya ya karanta yadda hadari ya haɗo baƙi ƙirin bisa kango, ya ɗago ido yana jiran mu tsorata, sai ya tarar da haƙora a waje. Mu 'ya'yan manoma da masunta, wa ya taɓa ganin baƙin hadari ransa ya ɓaci? A jarabawar gwaji kusan duk ajin muka rubuta cewa mawaƙin murna yake yi, damina ta faɗi. Basiru, sarkin surutun ajinmu, har ya ƙara da shawarar a yaɓe kangon kafin ruwa ya yi ƙarfi.

Shugaban makaranta bai yi dariya ba. Ya ce in muka faɗi jarabawar ƙarshe za a soke darasin, a mayar da Malam firamare ya koyar da lissafi. Wallahi mun ji tausayinsa, mutumin da ko yawan 'yan ajinsa sai ya ƙirga da yatsu.

Lokacin ba a daɗe da tare ruwa a Kainji ba. Tafkin ya haɗiye tsibirai, an kwashe mazaunansu, Gungawa, zuwa tudu. Wata Asabar da hantsi Malam ya zuba mu a babban jirgin wani tsoho Bagunge mai suna Tamada, wai mu je mu ga garin da ya nutse. Muna tafe muna waƙa har muka iso inda kawunan matattun bishiyoyi suka leƙo daga ruwa, ba ganye, ba tsuntsu. Tamada ya ɗaga filafilinsa, jirgi ya tsaya cak. Ashe mutanen tsibirinsu ba sa ratsa kan tsohon gari sai sun gai da na ƙasa.

Ya leƙa ruwan yana washe baki. "Inna, an kwana lahiya? Ni na, Tamada. Ke da kika ƙi jinin wanka da sanyi, ga shi kin samu ruwa har bisa kai! Baƙi na kawo miki, 'yan boko."

Shi yana ta dariya, mu kuwa muka ƙura wa ruwan ido. Kabarin uwarsa ne a ƙarƙashin ƙafafunmu. Basiru ya janye hannunsa daga ruwa a hankali.

Malam ya miƙe tsaye, jirgi na tangal-tangal. "Kun ji? Da wace murya yay yi magana?"

"Ta wasa," muka ce.

"Ku hwa, mi kunka ji ga zukatanku?"

"Tsoro, Malam. Da tausai."

"To su na abu biyun da nika bin ku da su tun bara! Muryar mai waƙa daban, abin da ya sauka ga zuciyar mai saurare daban. Shi Bature hadari ka sa mai abin da ruwan ga ya sa muku."

Don murna saura kaɗan ya faɗa tafkin, sai da Tamada ya cafko rigarsa.

Ranar da sakamako ya fito, Malam ya shigo aji fuska a murtuke, ya fara kiran sunaye da muryar ta'aziyya, a hankali, yana girgiza kai. Muka ɗauka duk mun faɗi. Amma gefen bakinsa sai rawa yake yi.

Basiru ya ɗaga hannu. "Malam, murya dai ta makoki ta, amma ni daɗi nika ji."

Malam ya yi ƙoƙarin harararsa, abin ya gagara. Ya kifa kai bisa tebur yana dariya, hawaye na zuba. Mun ci, ba a soke darasin ba, kuma a wannan ajin ya tsufa, yana tsorata 'ya'yanmu da waƙoƙin kango da rana tsaka.