Raton Lawali Nibo

Duk wanda ya taɓa cin abinci faranti ɗaya da marigayi Lawali Nibo ya san ba a sa hannu sai ya gama aikinsa. Za a kawo shinkafa an tula ta kamar duwatsun Damagaram, kowa ya wanke hannu, yunwa na cin mutane, shi kuwa sai ya ɗauki cokali ya juya bayansa ya bi ta a hankali, gabas da yamma, kudu da arewa, har ta kwanta sumul. Sannan ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa ta gefe. In ya gamsu ya ce, “To, bismilla. Yanzu duk inda mutum ya ɗiba za a gani.”

Ni Mamman Sani taubashinsa ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka tsokanarsa gado ce a wurina, ba mai hana ni, ko da yana kwance. Karatuna a aji huɗu na lakwal ya tsaya. In kun ga kuskure a takardar nan ku nemi malamin da ya kore ni.

Shekara ɗaya muka shigo Faransa. Ni na maƙale a fuwaye ta Montreuil a gefen Paris, gidan ma'aikata da kuka sani, shi ya wuce Lyon ya zauna Vaulx-en-Velin yana aikin gini. Gwanin shafen siminti ne. Nibo da ake kiransa sunan ma'aunin magina ne, mai ɗan ɗigon ruwa a tsakiya, wanda ba ya rabuwa da aljihunsa ko ranar Juma'a. Zuwansa ɗakina na farko, kafin mu gama gaisawa ya aza shi bisa gadona, ya duba, ya girgiza kai.

“Mamman, ashe ba laifinka ba ne. Shekara nawa kana kwana a karkace?”

Na ce, “Mi ya faru?”

Ya ce, “Hankalin duka ya gangara gefe ɗaya.”

Yadda ya shiga harkar guje-guje da tsalle-tsalle kuwa, ba don ya taɓa gudu ba ne. Lawali ko bas ba ya bi da sauri. Tagar gidansa a hawa na bakwai tana kallon filin wasan unguwa, a filin akwai ramin yashi inda 'yan dogon tsalle ke dira. Kullum ya leƙo sai ya ga yashin tudu da kwari kamar an yi dambe a ciki. Matarsa Hajiya Rabi ta ce sati biyu ya yi yana tsaki a bakin tagar nan. Rannan ya sauka ya sayi rato, wato manjagara, ya shiga filin ba sallama ya kama aiki. Masu kulob suka fito su kore shi, suka ga yashi kamar madubi, suka ba shi kujera.

Shekara talatin ke nan da wani abu. Duk Asabar da Lahadi yana can. Ni kuwa in na kira shi a waya sai na ce, “Ranka ya daɗe, shugaban masu sharar yashi na ƙasar Faransa, an tashi lafiya?”

Ya ce, “Jahili. Mai tsalle tashi kawai yake yi. Yashi ne ke ba da shaida. In shaida ya karkace, shari'a ta lalace.”

Ku tambayi 'yarsa Nana, wadda yanzu take aikin bincike a jami'a, za ta gaya muku ba da wasa yake ba. Tana da shekara goma sha biyar tana cikin masu tsalle a kulob ɗin. Aka yi wata gasa, wadda duk ta kai wani tsayi za ta je wasan yanki. Na zo Lyon musamman. Tsallenta na ƙarshe yarinyar nan ta tashi kamar barewa, ta dira can gaba, sai dai da za ta miƙe yatsunta biyu suka taɓa yashi ta baya. A ƙa'idarsu kuwa daga sawun da ya fi kusa da inda aka tashi ake aunawa. Alƙali yana duba katakon tashi, bai gani ba. Ɗan sawu ne kamar na kaza. Da Lawali ya ɗan ja rato kamar cikin kuskure, shi ke nan.

Ya ɗaga hannu ya kira alƙali ya nuna masa.

Nana tana kuka ta ce, “Baba, kai kaɗai fa ka gani!”

Ya ce, “Ni da yashi da Allah. Shaidu sun yi yawa ma.”

Kwana uku Hajiya Rabi tana ajiye masa abinci ba ta ce masa ci kanka ba. Ta ce a ranar ta uku ta tula shinkafar da gangan, ta ɓoye cokula duka.

To, sai aka ce gasar Olamfik za ta zo Paris, kuma ana neman masu taimako na sa kai. Lawali ya kira ni, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

“Mamman, duniya za ta zo ta yi tsalle a garinku. Wa zai gyara musu yashi?”

Na ce, “Kai dai, Nibo, ka ji tsoron Allah. Turawan da suka yi jirgin sama su rasa mai rato sai ɗan Birnin Damagaram mai furfura? Wallahi in na gan ka a tele cikin filin nan, ni Mamman Sani zan aza ratonka a ka, da babbar riga, in taka daga ƙofar fuwaye har bakin tashar jirgin metro ranar kasuwa.”

Ya ce, “Akwai mutane kusa da kai?”

Na ce, “Alhaji Abakar na nan.” Shi ne ɗan Cadi da ke riƙe da makullin ɗakin tele a fuwaye.

Ya ce, “Ba shi waya. Maimaita.”

Nana ce ta cika masa takarda a ordinata, wato kwamfuta. Akwai wurin da aka ce mutum ya faɗi abin da ya sa ya cancanta. Lawali ya ce ta rubuta, “Idona ya fi injinku.” Ita kuwa ba ta rubuta haka ba. Labarin yatsunta biyu ta rubuta, tun daga farko har kukan. Masu kulob suka haɗa da tasu shaidar. Aka yi watanni shiru, ina ta yi masa waƙa a waya. Rannan sai ga amsa: an ɗauke shi, kuma cikin fili, wurin ramin tsalle.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne gwiwarsa ta hagu. Shekara arba'in na durƙuso kan siminti ta cinye ta. Likita ya sa masa ranar aikin tiyata, Lawali ya ce a ɗaga. Likita ya ce gwiwar ba za ta jira ba. Ya ce, “Tare muka zo ƙasar nan da ita, ta san halina.”

Ya iso Paris da jirgin ƙasa, ratonsa naɗe cikin tsohon rawani. Ya ce tun daga Lyon a tsaye ya riƙe shi, don kar wani ya aza masa jaka. Ranar farko ta horo ya tafi da shi babban filin Saint-Denis. Masu gadi suka ce doka ba ta yarda a shiga da ƙarfe mai haƙora ba, akwai kayan aiki a ciki.

Ya ce, “Wannan ya san hannuna. Naku ya san wa?”

Suka yi dariya, suka ba shi haƙuri, amma ba su bari ba. Ya komo fuwaye ya jingina shi a ɗakina, ya ce, “Ka kula da shi. Ku fara sabawa.”

A ɗakina ya sauka. Ranar da za a yi tsallen share fage na maza, bayan sallar asuba, na ga ya kasa miƙewa daga tahiya. Na ɗaga wandonsa. Gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Nan dariya ta ɗauke mini.

Na ce, “Lawali, ka gaya musu.”

Ya ce, “In suka ga ina ɗingishi kujera za su ba ni, in riƙa nuna wa mutane hanyar ban ɗaki. Shekara talatin nake jiran yashin nan, Mamman. Ɗaure mini ita.”

Na shafa masa man zafi, na warware rawanin nan daga jikin rato na naɗe gwiwar tamau. Ya ja dogon wando na kayan aikinsu ya rufe. Na raka shi har metro. Matakala ɗaya ɗaya ya sauka yana dafe da kafaɗata, yana zagina wai kafaɗar ma ba daidai take ba.

Kafin ƙarfe goma ɗakin tele ya cika. 'Yan Nijar, 'yan Cadi, 'yan Kamaru, 'yan Mali da ba su san shi ba, har ɗalibai daga Sevran. Ba a taɓa kallon wasa irin na ranar ba. Ga zakarun duniya suna sheƙowa a guje bisa fili mai launin shunayya, mu ba ruwanmu. Mutum ya tashi sama, ɗaki shiru. Ya dira, ya fita daga rami, sai kowa ya miƙe: “Ga shi nan! Ga shi nan!” Sai kuma mai kamara ya juya kan fuskar ɗan wasa, mu yi ta tsine masa.

Sau biyar muna ganin kan rato da ƙafar wani. Alhaji Abakar ya ce ƙafar Lawali ce, na ce ƙafa ba ta cikin alkawari. Bakina na faɗin haka, cikina kuwa addu'a nake kada a ce gwiwar ta kayar da shi a wani lungu.

Sai wani dogo ya dira ya tona rami kamar zai shuka rogo. Aka tsaya duba katako, kamara ta rasa abin nunawa, ta sauka kan yashi. Ga Lawali. Furfura, hular wasa a karkace, abu ɗaya tak da ya taɓa bari a karkace a rayuwarsa. Ya tako tsaye cak kamar soja, ba ɗingishi ko kaɗan. Ya ja rato sau uku. Ya juya bayansa ya shafe. Sannan, jama'a, a gaban duniya duka, ya durƙusa bisa gwiwar nan ta hagu, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa yashin ta gefe.

Ɗakin ya kece da sowa. Wani ya zubar da shayi, wani yana kabbara. Wayata ta yi ƙara, Nana ce daga Lyon, ba ta iya cewa komai ba sai “Baba Mamman, Baba Mamman.” Ni kuwa idona ne ya yi ruwa, saboda man zafin da ya rage a hannuna. Duk wanda ya ce wani abu ne daban, ƙarya yake.

Da ya dawo la'asar muka kewaye shi. Wani ɗalibi ya ce, “Malam, ka ga zakaran duniya ido da ido! Yaya yake?”

Ya ce, “Duga-dugansa na gani. Ba shi da tarbiyya. Sau uku yana ɓata mini aiki.”

Ranar kasuwa na cika alkawari. Babbar riga, rato a ka, mutanen fuwaye a baya suna tafi. Shi yana gefe bisa sandar da ya yarda ya riƙe daga ranar, ya ciro nibo ya aza a kan raton, ya ce in ɗaga kunnen dama.

Bai cika shekara ba bayan haka. Ba gwiwar ba ce, zuciya ce, kwana biyu a asibiti. Ya riga ya ce a binne shi nan Lyon, a ɓangaren Musulmi, kusa da inda iyalinsa ke zaune. Da za mu fita da shi, Nana ta tare ni a ƙofa ta miƙo mini raton. Na karɓa na tafi da shi maƙabarta.

Aka rufe, aka yi addu'a, mutane suka fara juyawa. Na dubi ƙasar: tudu nan, kwari can. Na ce a'a, wannan mutumin ba zai kwanta ƙarƙashin wannan ba. Na tuɓe babbar riga na ja sau uku, na juya baya na shafe. Na durƙusa na kanne ido. Gaskiya gefen ƙafafu ya ɗan gangara. Na sake, ya ƙi. Na ce, “Nibo, ka yi haƙuri, iyakar aji huɗu ke nan.”

Allah, ga bawanka Lawali. Bai taɓa goge sawun gaskiya ba, ko na 'yar cikinsa. Kai da kake ganin namu sawun duka, na gaba da na baya, ka shafe masa kurakuransa da rahamarka, ka shimfiɗa masa makwanci daidai, ka ba Rabi da Nana haƙuri. Amin.