Hajiya Atine da Fikafikan Kakin Zuma

Kwana arba'in Hajiya Atine ta zo yi a Doha, wankan jegon 'yarta Safiyyatu, wadda take aikin likita. Yau shekara shida ke nan, jaririn har ya shiga makaranta, ita kuwa kullum wata mai zuwa za ta koma Gusau. Ƙofarmu tana kallon tasu a wani bene a unguwar Abu Hamour, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Ba ta yi boko ba. Shekara talatin ta yi tana suyar ƙosai a bakin tasha. Larabcinta bai wuce yalla da khalas ba, wato mu je da shi ke nan, amma da su take rage farashin tumatir har mai kaya ya ɗaga hannu. Baki Allah ya ba ta.

Surukinta Abdulbaqi injiniya ne a birnin Lusail, mutumin kirki, sai dai tsaurinsa yakan ba ni haushi. Wata Laraba ya buɗe jakar babbar 'yarsa Mufeeda, mai shekara goma, ya ga littafin labaran Girkawan da, cike da hotunan waɗanda suke kira alloli. Ya kulle shi a durowa, ya ce shirka ba za ta zauna masa a gida ba. Ga shi ranar Lahadi Mufeeda za ta tsaya gaban aji ta ba da labari ɗaya daga ciki. Yarinya ce mai nauyin baki, wannan ne karo na farko da ta ɗaga hannu da kanta. Idan abin ya rushe, na san ba za ta sake ɗagawa ba.

Safiyyatu ta roƙe shi, ya ƙi. Na ce wa Hajiya ta sa baki mana. Ta kalle ni kamar na ce ta fita ba mayafi. Suruka ba ta zama ta yi gardama da mijin 'yarta. Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, sai dai mai gidan nan, shi ma daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta.

Sai ta ja Mufeeda kicin, ta sa ta faɗa mata abin da ta riƙe. Ranar Juma'a ta aiko a kira ni da yarana. Ta ƙi farawa sai da aka idar da Magariba, domin a wurinta ba a tatsuniya da rana, ko a Doha ne. Ta zaɓi kujerar da ke daf da ɗakin da Abdulbaqi yake aiki, ta ɗaga murya fiye da bukata.

Sunayen Girkawan sun fi ƙarfin harshenta, sai ta raɗa musu nata. Uban ya zama wani kafinta da sarki ya tsare a tsibiri, ɗansa ya zama Ɗanbaba. Kafinta ya tara gashin tsuntsu, ya liƙa da kakin zuma, ya yi musu fikafikai, ya ja kunnen yaro kada ya matsa kusa da rana. Ta ce da a Doha ne, tun a ƙofar gida kakin zai zuba. Allolin nasu kuwa ta ce ita ba ta ga alloli ba, 'yan gida ɗaya ta gani a kan dutse, ba sana'a, sai gulma da faɗa a kan nama. Yara suka yi ta birgima don dariya. Da Ɗanbaba ya ƙi jin magana, rana ta narkar da kakin, ya faɗa teku, ni kaina sai da na share ido.

Sannan ta rufe yadda kakarta take rufewa.

"Ƙurungus. Duk abin nan ƙarya na shirga muku, ba mai tashi da kaki, ba abin bauta a kan dutse. Wanda ya ji tausayin uban nan dai ya riƙe tausayinsa."

Muka ji an ja kujera a ɗaki. Abdulbaqi ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, littafin a hannunsa. Bai kalli Hajiya ba, 'yarsa ya miƙa wa.

"Mufeeda, idan kin gama faɗa wa 'yan ajinku, ki rufe yadda Hajiya ta rufe."

Ajiyar zuciyar da na yi har Safiyyatu ta ji daga kicin. Ya juya zai koma, sai ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya dubi Mufeeda.

"Ki tambayar mini Hajiya, shi uban ya isa gida?"

Hajiya Atine ta gyara mayafi, ta fuskanci bango.

"Ki ce wa mai gidan nan ya isa. Ki ce masa kuma akwai wuri a kan darduma."

Ya cire takalmi ya zauna a bayan yara.