Ranar Da Inna Ta Kira Sunansa A Bakin Nilu

Wata rana wani bawan Allah mai suna Zayyanu, ɗan Rano, ya kai mahaifiyarsa birnin Alƙahira aikin ido.

Aiki ya yi kyau, an cire yanar da ta rufe mata idon dama. Likita ya ja kunnensu a kan abu biyu: kada ƙura ta shiga idon, kuma kada ta yi kuka har sai ya warke.

Da ya rage kwana biyu su dawo gida, sai Zayyanu ya ce tunda Allah ya buɗe wa Inna ido, bari ya zagaya da ita ta ga gari. Kuma a ƙafa, wai a mota ba a ganin komai.

Niyyar tana da kyau, ban musa ba. Amma akwai wata niyyar a ƙarƙashinta. Mutumin yana da mabiya a shafukan sada zumunta, kuma yana so su gani.

Suka fara da Masallacin Azhar. Inna ta tsaya tana shafa bango tana salati, ta ce ashe za ta ga wurin da malamansu ke ambata tun tana yarinya.

Shi kuwa yana can gefe yana neman inda haske ya fi kyau don ɗaukar bidiyo.

Suka kutsa tsohuwar kasuwa, lunguna matsattsu, ƙamshin turare ta ko'ina. Duk wanda suka haɗa ido da shi sai Inna ta yi masa sallama, har ta tambaye shi gida da Hausa.

Abin ya fara ba Zayyanu kunya. Ga silifas ɗin roba, ga mayafin da ya koɗe, ga tafiya a hankali kamar mai taka ƙwai. Ya ce ta ɗaga ƙafa ya fi sau biyar.

In zai ɗauki bidiyo sai ya ɗan karkata wayar don kada ta fito. A cikin bidiyon kuma yana cewa jama'a su riƙe iyayensu da kyau, ga shi nan ya kawo tasa yawon buɗe ido.

Bayan la'asar suka iso bakin Kogin Nilu, kusa da gadar nan mai mutum-mutumin zakuna. Jiragen ruwa na kai da kawowa, mutane cike da titi.

Zayyanu ya ɗaga waya sama, ya juya wa hanya baya, yana tafiya da baya-baya yana zuba wa mabiyansa tarihi. Rabin tarihin ma da safen nan ya karanto shi.

Da ya gama ya sauke hannu, ya waiga.

Babu Inna.

Fasfonta yana aljihunsa. Wayarta ba ta da layin ƙasar. Ba ta san sunan masaukinsu ba, Larabcinta kuma bai wuce na salla ba.

Ya haura gada da gudu, ya dawo. Ya tare mutane yana kwatance da hannu. Ya nemi hotonta na yau don ya nuna musu, ya zazzage wayar kaf, babu ko ɗaya da fuskarta ta fito.



Ya fi rabin awa yana zagaye. Yana tunanin abin da zai gaya wa ƙannensa, sai ya ji wata murya daga can ƙasan titi, ta dishe.

"Zayyanu... Zayyanu..."

Ya san muryar. Sunan ne bai taɓa ji a cikinta ba.

Shi ne ɗan farinta. Shekara arba'in da ɗaya tana yi masa alkunya irin ta iyayenmu na da. "Wannan" take ce masa, ko "yayanku" in tana magana da ƙannensa. Ko wani mai sunansa ta gani, sai ta ce mai sunan yaron nan. Ya daɗe yana riƙe da abin a ransa, yana ganin kamar ƙannen ta fi so.

Yau ga ta a tsakiyar baƙin mutane, ta riƙe ƙarfen bakin kogi da hannu biyu, ta leƙa ruwa tana kiran sunan. Wata mai gasa masara ta riƙe mata gefen mayafi don kada ta zame. Hawaye na zuba ta idon da aka ce kada ta yi kuka da shi.

Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yafe mini. Na bar ki kin ɓata."

"Ni ban ɓata ba, ina nan inda ka bar ni. Kai na gani kana tafiya da baya, idonka a waya, ga ruwa. Da na daina hango ka sai na ce ko ka faɗa."

Duk tsawon lokacin nan ko sau ɗaya ba ta tuna da kanta ba.

Sai can ta farga da abin da bakinta ya faɗa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kau da kai, ta ce masa a hankali kada ya gaya wa ƙannensa in sun koma gida.

Wai ita ce ma take jin kunya.

Washegari likita ya duba idon ya ce ya kumbura, sai sun ƙara mako guda. Ya tambayi abin da ya sa ta kuka. Kafin Zayyanu ya buɗe baki, Inna ta ce a gaya wa likita iskar kogi ce.

Darasi: Akwai iyayen da ba za su taɓa ce maka suna sonka ba, ba don babu son ba, sai don haka aka tarbiyyantar da su. Kada ka jira sai tsoro ya tilasta musu faɗa. In kuna tafiya da tsohonka, ka sa wayar a aljihu, ka daidaita ƙafarka da tasa.

In naka suna raye, ka kira su yau. Ka kuma tura wannan ga wani, wataƙila akwai ɗan farin da yake buƙatar karantawa.