Ni Na Ce Ta Koma Cin Abincinta

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Shekara fiye da talatin ke nan ina riƙe da wannan magana, ko 'ya'yana ban taɓa warware musu ita ba. Abin da ya sa na buɗe baki yau shi ne yadda nake ganin ƙiba tana yawaita a Birnin Kebbi, har ga yara, ana kuma yaba ta kamar yadda aka yaba tawa.

A zamanin da muke cikin Jihar Sakkwato, ni akawu ne a wani ofishi a Birnin Kebbi. Daga gida sai babur, daga babur sai kujera. Tuwon shinkafa da man shanu, shayi da madarar gwangwani, lemon kwalba bayan kowane abinci. Idan na je gida Argungu sai abokai su dafa tumbina su ce, "Akawu, gwamnati ta karɓe ka!" Ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Maiɗakina, 'yar Gulma ce, ita ma ta yi jiki sosai. A wurinmu wannan shaida ce cewa miji ya iya riƙo.

Ƙishirwa ce ta fara zuwa, sai yawan fitsari. Daga nan ruku'u ya fara yi mini wuya, har na koma salla a zaune. Wani ɗan ciwo ya fito mini a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Wata ranar Talata da hantsi na faɗi a ofis.

A asibiti aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗaura mini abin awo a damtse, aka ɗora ni a sikeli. Likita ya ce ciwon sukari ne da hawan jini. Ya ƙara da cewa, "Malam, nauyin nan ne ke neman ranka. In ba ka rage shi ba, da ƙafar za mu fara."

Mako uku na yi a kwance. Kowace safiya allura, sannan wankin ciwo, ina cije haƙora. Mutumin da ke gadon kusa da nawa an tafi da shi da ƙafa biyu, aka dawo da shi da ɗaya. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Shinkafar da na noma a fadama a shekarar duk ta tafi a magani.

Ranar sallama likita ya dubi maiɗakina, wadda ba ta taɓa fashin kawo mini abinci ba, ya ce, "Hajiya, ke ma ya kamata a auna ki." Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Likita, ni lafiyata lau." Ni ma dariyar na yi.

Na ajiye babur, na koma zuwa aiki a ƙafa daga unguwarmu Badariya. Ta riƙa yi mini tuwon dawa kaɗan da miyar ganye, ba mai, ba gishiri sosai. Don kada in ci ni kaɗai, sai ta koma cin irin nawa. Cikin 'yan watanni ciwon ƙafa ya rufe, na koma salla a tsaye. Ita ma ta sauka, har ta ce gwiwoyinta sun daina damunta.

Sai lokacin kaka ya yi, maiɗakina ta tafi ganin gida.

A gidansu akwai al'ada. Duk 'yar da ta zo daga gidan miji, gwaggonsu takan kama damtsenta ta matsa a gaban mata, ta faɗi abin da ta ji. Da ta kama nata sai ta saki, ta ce, "Ɗiyar nan, mi anka yi miki? In an kore shi aiki na, ki hwaɗa muna, mu aika da hatsi."

Bayan kwana biyu sai ga buhun gero a ƙofar gidana, daga surukaina.

Kunya ta rufe ni. Da maiɗakina ta dawo na kira ta na ce, "Daga yau ki koma cin abincinki. Ni ke da ciwo, ba ke ba." Ta ce, "Alhaji, ai jikina ya fi yi mini daɗi haka." Na ce, "Ba zan zama abin magana a Gulma ba." Ta koma cin abincinta. Da hannuna na riƙa sayo mata man shanu da madara. Da shekara ta zagayo gwaggo ta matsa damtse, ta sa mini albarka.

Shekara huɗu bayan haka, da safe tana wanke shinkafa a tsakar gida, ta kife. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. A ranar, a asibiti, aka fara auna jininta, ma'aikaciyar jinya ta sake aunawa don ba ta yarda da abin da ta gani ba.

Kwana tara ta yi kafin Allah ya karɓi ranta. A rana ta bakwai bakinta ya ɗan buɗe, na kara kunnena. Abin da ta ce shi ne, "Ka sha maganinka?"

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na kuma yi imani da hakan. Amma na san abin da bakina ya faɗa, da dalilin da ya sa na faɗe shi.

Ina gode wa Allah da ya bar mini ƙafafuna har yau, ina gode wa likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi haƙuri da ni.

Shawarata ita ce, ku je a auna jininku da sukarinku tun kuna jin kanku lafiya, ku tafi da iyalinku. Ku rage mai da zaƙi, ku riƙa taka ƙasa. Idan wani naku ya rage jiki, ku tambayi lafiyarsa kafin ku zargi mai riƙonsa.

Sunanta Hadiza. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya roƙa mata rahama, ni kuma ya roƙa mini gafara.