Wakilin Marasa Intanet

Yayana mai gyaran rediyo ne, ko in ce shi ne da can. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene a bakin kasuwa, ɗan ƙuƙut da shi, in zai miƙe sai ya sunkuyar da kai. Teburi ne da benci da ƙarfen narka dalma, sai gawarwakin rediyo jere har sama, waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta da su tun da waya ta shiga hannun kowa. Ni ina sayar da zare da maɓallai daura da shi, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani. 'Yan kasuwa Ba-Sabis suke kiransa, kuma yana amsawa har da gyara zama.

Asalin sunan, wata rana aka kira shi wani otal ya duba lasifikar da ke ƙugi. Ashe taro ake yi, taron ƙasa kan yadda za a tafiyar da intanet. In ba ku san irinsa ba, ana tara mutumin gwamnati ne, da na kamfanin waya, da farfesa, da 'yan ƙungiyoyi, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, a tafa, a ci abinci, a watse. Ƙa'idarsu kuma dole kowane ɓangare ya sami kujera, har da talakan da intanet bai kai gare shi ba. To wanda aka gayyato ya wakilci waɗannan talakawa, da safiyar ranar ya turo saƙo ta intanet cewa ba zai sami zuwa ba.

Matar da ke shirya taron, wadda muka laƙaba wa Madam Ajanda don ba ta rufe baki ba ta ambaci ajanda ba, tana ta safa da marwa sai ta hango Yaya tsugune bayan lasifika da sukundireba a baki. Ta tambaye shi ko yana amfani da intanet. Cikin jin kunya ya ce wallahi bai taɓa ba. Yaya ya ce tun da uwarmu ta haife shi bai ga wanda ya yi murna da rashin saninsa kamar matar nan ba. Ta kama hannun rigarsa ta kai shi kan dandamali, ta zaunar da shi tsakanin mutumin gwamnati da na kamfani, aka ajiye masa ruwan roba da makirfo.

Da aka zo kansa ya rasa abin faɗa, sai ya faɗi gaskiya.

"A unguwarmu sai mutum ya hau tankin ruwa kafin ya sami sabis."

Zaure ya ɗauka da tafi. Farfesa ya cire tabarau ya share ido. Mutumin gwamnati ya ce gwamnati tana sane, na kamfani ya ce kamfani yana dubawa. Lasifikar kuwa har aka tashi tana ƙugi, ba wanda ya sake tunawa da ita.

Shi ke nan Yaya ya sami sana'a. Duk shekara a aiko mota, ya dawo da jaka mai tambari da katin da ake ratayawa a wuya, ya rataye shi a eriyar wata matacciyar rediyo. Daga taron ƙasa aka wuce da shi na yanki, inda ƙasashe maƙwabta ke haɗuwa. Ya hau jirgi, ya kwana a ɗakin da ya kasa kashe na'urar sanyinsa, ya ji ana fassara tankinsa cikin harsunan da bai taɓa ji ba. Can ya tarar kowace ƙasa da nata Ba-Sabis ɗin. Wani masunci bishiya yake hawa, wata mata kuma dutse. Ya dawo yana ba mu labari wai duk cikinsu tankinsa ya fi samun tafi.

Akwai shekarar da ya ɗinka sababbin kaya, ya sha guga, ya fesa turare. Madam Ajanda ta ja shi gefe ta tambaye shi a hankali ina rigar aikin nan mai ƙunar dalma. Sai da aka tura direba ya ɗauko ta. Tun daga ranar rigar take da ƙusarta ta musamman a shago, ba a wanke ta sosai, kada ta lalace.

Bakinsa ma ya canza. Mai shayi ya ƙara masa sukari, sai ya ce a tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Matarsa ta ce rufin ɗaki yana yoyo, ya ce za a sa a cikin shawarwarin bayan taro. Na taɓa tambayarsa me ake yankewa a ƙarshen zaman nan nasu. Ya ce ai ba wurin yanke hukunci ba ne, wurin tattaunawa ne, amma kullum ana cimma matsaya guda, cewa akwai buƙatar a sake zama.

Ga inda matsalar take. A duk zauren nan Yaya kaɗai ne ke sauraro. Sauran kowa kansa a sunkuye yana latsa waya har lokacinsa na magana ya zo. Shi da ba shi da abin latsawa sai ya kasa kunne, ya kwashe komai, ya kuma yarda da komai. Ya ji an ce duk wanda ya shiga intanet ana ganinsa, ana sanin inda yake, kuma abin da ya shiga ba ya goguwa har abada. Masu faɗa sun faɗa sun koma kan wayoyinsu, shi ya dawo gida da tsoro.

Yana da 'ya, Auta, ma'aikaciyar jinya, aiki ya kai ta wata ƙasa mai nisa ita da mijinta. Ta haifi ɗa namiji aka sa masa sunan Yaya, muna ce masa Takwara. Ta aiko wa ubanta babbar waya sabuwa fil, don ya riƙa ganin yaron, yaron ma ya riƙa ganinsa. A daidai wannan lokaci kuma kamfani ya rushe tankin unguwarmu ya kafa dogon ƙarfen sabis a gurbinsa. Kada ku ɗauka taron ne ya kawo shi, kamfani ne ya ga kasuwa ta cika da masu waya. Sabis ya wadata, har a banɗaki ana samu.

Yaya ya kwance bayan wata ƙatuwar rediyo, ya cusa wayar a ciki da kwalinta, ya mayar da sukurori ya ɗaure. Wai ranar da ya kunna ta, ranar Madam Ajanda za ta sani, kujera kuma ta tafi. Na ce ya sayi wani layin da ba ta sani ba. Ya dube ni da tausayi ya ce ban san sawun da mutum ke bari a intanet ba. Ko a wayata, in Auta ta kira ta bidiyo, sai ya tsallake ya laɓe bayan ƙofa yana ɗaga murya daga can. Takwara ya san fuskata, ya san ta kakarsa, har mai shayi yana ɗaga wa hannu. Kakansa kuwa murya ce kawai daga bayan ƙyaure.

Haushinsa nake ji, amma ina tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Mutumin da sana'arsa ta mutu a hannunsa, yana wuni ba wanda ya ce masa me ka gani, ga shi ana kiransa mai girma wakili ana miƙa masa makirfo. Sai dai kujerar tana cinye masa 'ya. Auta ta roƙa har ta gaji. Ran nan ta ce min, murya a dushe, "Gwaggo, ki gaya wa Baba na daina roƙo. In taron ya fi mu, Allah ya ba da sa'a." Daga nan ta daina tambayarsa in ta kira.

Na tsallaka shagonsa na wanke shi tas. Na ce tankin da yake hawa a bakinsa an sayar da ƙarafunansa tuni, ya ji kunya mana. Ya ce in yi haƙuri, daga taron bana zai ajiye. Haka ya ce bara.

Ana nan sai Madam Ajanda ta kira shi a 'yar ƙaramar wayarsa, ina zaune. Ta ce bana ba otal, ba mota, ta intanet za a yi taron, kowa daga inda yake. Yaya ya tambaya to shi wakilin marasa intanet ta ina zai shiga. Ta yi dariya har ina jiyowa.

"Haba Baba, wa ya rasa babbar waya yanzu? In ba ka da ita ka ari ta wani. Kada dai ka manta da rigar nan, da maganar tanki."

Ranar taron ya kwance rediyon da hannunsa ya ciro wayar. Muka yi wa wayar caji, na saita masa komai, na jingina ta da wata rediyo a kan teburi. Fuskoki suka fito a ƙananan akwatuna, ga farfesa, ga mutumin gwamnati yana tauna wani abu. Madam ta ce Baba ya ɗan juya wayar, wai akwai wani ƙarfe da ke fitowa ta ƙofa a bayansa, yana ɓata hoton. Ƙarfen sabis ne. Na ciji leɓe na juya wayar.

Da aka zo kansa, sai Yaya ya ajiye tanki. Ya ce musu an rushe shi da daɗewa, sabis ya zo, shi ne ya ɓoye. Ya ce yana da jikan da bai taɓa nuna wa fuskarsa ba saboda wannan kujera. Ya ce in da gaske suke su tashi su nemo waɗanda har yanzu ba su da shi, suna nan da yawa, kuma ba za su gan su a wannan akwati ba. Ya daɗe yana magana, gumi yana bin rigar dalma. Ban taɓa jin ya yi magana mai kyau haka ba.

Yana gamawa ƙananan hotunan tafi suka cika fuskar wayar. Farfesa ya cire tabarau. Madam Ajanda ta gode wa Baba da ya sake tuna musu da tankin ruwa. Na leƙa da kyau, sai na ga jan layi a kan alamar makirfo. Tun farkon taro aka rufe wa kowa murya daga can, da aka zo kansa aka manta ba a buɗe ba. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya, ba kuma wanda ya lura.

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon jan layin. Sannan ya cire tsohon katin da ya rataya a wuya ya ajiye a kan teburi.

"Kira min Auta."

Da ta ɗauka ta ga fuskarsa, sai ta toshe baki da hannu. Ta tashi ta ɗauko yaron ta zaunar a cinya. Takwara ya zuba wa wayar ido, ya nuna da yatsa ya ce ga mai tanki. Auta ta ce ai bidiyon tarukan nan duk suna intanet shekara da shekaru, kowa yana iya gani. Su take kunna wa yaron in ya tambayi Kaka. Mutumin da ya laɓe bayan ƙofa don kada intanet ya gan shi, ashe yana ciki tun ranar lasifika, da rigarsa da komai.

Yaya ya matso da fuskarsa. Ya ce wa Takwara shi ne Kaka, ya tambaye shi ko yana cin abinci, ko yana jin maganar uwarsa, ya yi masa alkawarin wata 'yar rediyo ja da zai gyara masa.  Yaron ya jira har Yaya ya yi shiru, sai ya tafa hannuwansa, kamar yadda ya saba gani ana yi in mai tanki ya gama. Sannan ya sa yatsa a fuskar wayar ya ture, don bidiyo na gaba ya fito. Ya sake turewa. Ya ɗago ya kai ƙara wurin uwarsa wai wannan ya ƙi wucewa.

Na kawar da kai ina gyara maɓallan da ba su buƙatar gyara, don hawaye ya riga ya gangaro wa Yaya har gemu.

"Ba zan wuce ba, Takwara," ya ce. "Ina nan. Yi min magana."