Hancin Batulu da Fijon Sabo

Sabo direba mutumin Zandam ne, kuma duk tashar Gwaram an san hancinsa ba ya jin komai. Tun yana saurayi, lokacin da yake karen mota a wata babbar motar dakon hatsi, ya faɗo daga saman buhuna ya bugu a ƙeya. Ya warke sarai, amma daga ranar turare da daddawa duk ɗaya suke a wurinsa.

Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa ya tattaro ya dawo gida daga Kano. Hanya ta cika da ma'aikata da 'yan kwangila, kowa na neman mota. Sabo ya sayar da shanun nomansa, ya sayo tsohuwar Fijo doguwa ruwan toka. Ranar da ya shigo da ita gari, tun daga bakin kasuwa yake danna hon har ƙofar gida, yana leƙowa ta taga yana ɗaga wa mutane hannu.

Bai daɗe da fara jigilar Gwaram zuwa Birnin Kudu ba fasinja suka fara ƙorafi, wai motar na warin fetur. Ya kai ta wurin Jonah, bakaniken da ya zo daga kudancin Kaduna ya buɗe gareji a Birnin Kudu. Jonah ya buɗe bonet, ya kwance kafireta ya wanke, ya bi tiyon mai na gaban inji, bai ga ɗigo ba. Warin ya ɗauke, sannan ya dawo. Sabo ya ce fasinja ne da tsegumi.

Matarsa Batulu kuwa tana da tsohon ciki, irin cikin da ke sa mace ta ji ƙaurin miyar maƙwabta kafin masu miyar su ji. Wata safiya zai kai ta awo asibitin Birnin Kudu, sai ya cika tanki fal saboda yau maigida ne zai ɗauko uwargida. Ya haɗa da fasinja, ciki har da wani dattijo, Bappa, wanda ba ya rabo da taba.

Suna faɗawa gargadar hanya Batulu ta toshe hanci da mayafi.

"Malam, mai na zuba a motar nan."

"Haba Batulu! Jonah ya duba ta."

"To ni dai ga shi har a maƙogwarona."

A daidai nan Sabo ya hango Bappa ta madubi, karan taba a baki, yana lalubar ashana. Sabo ya daka masa tsawa.

"Baba, don girman Allah kar ka ƙyasta!"

Dattijon ya razana har ashanar ta faɗi. Aka sauke gilasai gaba ɗaya, Sabo ya riƙa lallaɓa motar yana salati, bai tsaya ko'ina ba sai garejin Jonah.

Jonah ya nufi bonet. Batulu ta fito da ƙyar, hannu a ƙugu, ta ce, "Ba nan ba ne, Malam Jonah. Gaban nan warin baƙin mai ne kawai."

Jonah ya tsaya, ya yi murmushi, ya ce, "To uwargida, bismillah. Ni na wuni cikin fetur, hancina ya saba. Ke ki nuna mini."

Ta fara zagaya motar a hankali. Sabo na biye da ita kamar ya ɗauke ta, yana ta tambaya, "Nan ne? Nan fa?" Ta wuce ƙofar gaba, ta wuce ta baya. Da ta iso tayar baya, ƙarƙashin marfin tanki, sai ta ja da baya tana yamutsa fuska.

"Ga shi nan!"

Jonah ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Can sai ya ce, "Malam Sabo, girgiza ta!" Sabo da fasinja suka kama motar suka jijjiga da ƙarfinsu. Sai ihun Jonah daga ƙasa: "Ya zubo! Ya zubo! Na gan shi!"

Ya fito fuska duk ƙasa, yana dariya, yatsunsa jiƙe da fetur. Ashe ƙaton tiyon robar da ya haɗa bakin zuba mai da tanki ne ya tsage ta sama. In mai ya yi ƙasa ba ya kaiwa wurin. Sai an cika tanki an faɗa rami yake fantsamowa. Ran da aka fara kawo motar garejin, tankin kusan wayam yake.

Sabo ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya rungume Jonah, ya saki, ya kama hannun Bappa yana girgizawa, ya juyo wurin Batulu ya tuna da mutane, sai ya tsaya yana ta cewa, "Sannu! Sannu dai!" Ita kuwa ta rufe fuska tana dariya.

Jonah ya zuƙe man a jarka, ya cire ruɓaɓɓen tiyon, ya sa wani, ya ɗaure shi tamau da zoben ƙarfe. Aka mayar da man, aka sake jijjigawa. Kowa ya zuba wa Batulu ido. Ta matso, ta shaƙa, ta sake shaƙa.

"Babu."

Garejin ya kaure da tafi. Bappa ya taka can nesa, gindin wata darbejiya, ya kunna tabarsa.

Batulu ta haifi mace, aka sa mata Ummussalma, kuma Jonah da matarsa Rebecca har Zandam suka je bikin sunan da turmin atamfa. Fijon ta yi ta aiki har gindinta ya ruɓe. Da ido ya fara yi wa Sabo rauni ya ajiye tuƙi, ya koma lodin motoci a tashar Gwaram, shi ke kiran fasinjan Basirka da Birnin Kudu. Gangar jikin motar kuma Rebecca ce ta roƙa, aka ja ta bayan gareji, ta zuba kajinta a ciki.